Na'urar Binciken Mota Mai Allo: Yadda Ta Yi Mini Aiki a Kan Sensoshin Salansar Akori-kura Mai Dizal

Wata 14 ke nan da na sayi na'urar binciken mota irin mai allo, wadda ake jonawa a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, kuma abin da ya tilasta mini sayenta shi ne sensoshin da ke jikin salansar akori-kurata mai amfani da dizal. Sau uku na sha fama da fitilar gargaɗi saboda ɓangaren hayaƙi, don haka ina ganin na yi aiki da na'urar gwargwadon da zan iya faɗin inda ta yi mini rana da inda ta ba ni kunya. Ba zan kama sunan kamfanin da ya ƙera ta ba, domin ire-irenta sun yi yawa, kuma abin da zan faɗa ya shafi ajinsu ne baki ɗaya, wato matsakaitan na'urori waɗanda suka fi ɗan ƙaramin abin nan da ake haɗawa da wayar hannu ta Bluetooth, amma ba su kai kwamfutar da wakilan kamfanin mota ke aiki da ita ba.

Wanda ya saba da tsofaffin injinan dizal, waɗanda salansarsu bututu ce kawai da tukunyar rage ƙara, zai sha mamaki idan ya leƙa ƙarƙashin akori-kurar zamani. Tun daga 2007 dokokin hayaƙi na Amurka suka sa aka fara saka wa waɗannan motoci matatar kunkunniya da ake kira DPF, sannan daga wajen 2010 zuwa gaba aka ƙara tsarin SCR, wanda ke fesa ruwan yuriya a cikin hayaƙi domin a mayar da iskar NOx mai cutarwa ta koma naitirojin da tururin ruwa. Turai ma ta bi wannan hanya da ƙa'idojinta na Euro 5 da Euro 6. Duk waɗannan kaya ba sa aiki sai kwamfutar inji ta san abin da ke gudana a cikin bututun, shi ya sa aka jera masa sensoshi tun daga bakin tobo har zuwa wutsiya. Akwai masu auna zafi, galibi uku ko huɗu. Akwai mai auna bambancin matsin iska tsakanin gaban matata da bayanta. Akwai na NOx guda biyu, ɗaya kafin SCR ɗaya bayansa. A wasu motocin ma har da mai lura da kunkunniyar da ta tsallake matata. Akasarinsu kuwa suna zaune ne a wurin da ya fi ko'ina wahala a jikin mota, inda zafi da girgiza da ruwa da laka da tsatsa suke haɗuwa a kansu.

Matsalar farko ta same ni ne tun kafin in mallaki na'urar. Ina cikin tafiya da kaya a bayan mota fitilar inji ta kama, ba a jima ba na ji totur ya yi sanyi, ina takawa amma motar ba ta amsawa yadda ta saba. A garejin da na kai ta aka jona kwamfuta, aka ga lambar matsala P2453, aka ce sensar matsin matata ce ta mutu, aka sauya ta, aka goge lambar, na kama hanya. Kwana huɗu tsakani fitilar ta dawo, wannan karon kuma da rakiyar wata lambar, P2463, mai nuna cewa kunkunniya ta taru a matata fiye da kima. Da na koma sai aka shiga kame-kame, ana cewa ko dai sabuwar sensar ce ba ta da kyau, ko kuma matatar ce gaba ɗaya za a sauya, alhali tana cikin kaya mafi tsada a ƙarƙashin motar. A nan ne na ga gara in sami abin da zan riƙa gani da idona, ko da kuwa ba ni zan yi gyaran ba.

Na'urar kanta ba ta da wani abin mamaki a ido. Allo ne da ake latsawa da yatsa, an lulluɓe gefensa da roba mai kauri, sai wani ɗan kai mai ƙafa 16 da ake cusawa a soket ɗin mota, shi kuma yana magana da allon ba tare da waya ba. Wannan soket shi ne na OBD-II, wanda ya zama dole a ƙananan motocin Amurka tun 1996, daga baya Turai ta wajabta irinsa, saboda haka shigarsa jikin mota ba ya ba da wahala. Abin da ya ɗan ci mini lokaci shi ne ranar farko, domin sai da na haɗa ta da intanet, na yi rajista, sannan na sauko da manhajar da ta dace da kamfanin motata. Bayan haka ta karanto lambar jikin motar mai harafi 17 da kanta, ta gane irin injin, ta zagaya duk kwamfutocin da ke cikin motar a 'yan mintoci. Robar da ke jikinta ta yi amfani, domin ta taɓa suɓuce mini daga kan kujera ta faɗi a kan siminti kuma ba abin da ya same ta.

Abin da na fara yi shi ne ƙin taɓa maɓallin goge lamba, kuma wannan ita ce shawarar da zan fara ba duk wanda ya sayi irin wannan na'ura. A lokacin da kwamfutar inji ta rubuta matsala, takan adana hoton yanayin da injin ke ciki a wannan daƙiƙa, kamar gudunsa da zafinsa da nauyin da yake ja, kuma da zarar an goge lamba wannan bayani ya tafi ke nan. Na karanta shi, na ɗauki hotonsa, sannan na shiga sashen da ke nuna abin da sensoshi ke faɗa kai tsaye. Na kunna makulli ba tare da na tayar da inji ba, sai sensar matsi ta nuna sifiri, wanda shi ne daidai, tunda babu hayaƙin da ke wucewa. Na tayar da inji yana silo, adadin ya ɗan motsa kaɗan. Da na taka totur har juyi 2,500 a minti, inda ya kamata a ga matsin ya haura sosai, musamman a matatar da aka ce ta cika, sai layin da ke kan allo ya kwanta kamar an shimfiɗa zare. Sabuwar sensa ce, tana amsa sifiri yadda ya kamata, amma matsin hayaƙi ba ya isa wurinta.

Sensar matsi ba a jikin salansa take zaune ba, saboda zafi zai kashe ta. Ana ɗaure ta a gefe ne, a jawo mata iska ta wasu siraran bututan ƙarfe masu ƙarewa da tiyon roba. Na bi tiyon da ke zuwa daga gaban matata da yatsa, daga sama lafiya lau yake, amma da na murɗa shi sai ga tsaga a cikinsa ta ƙasa, daidai inda ya hau bakin ƙarfe, robar ta bushe ta yi tauri kamar busasshiyar fata, ga kuma baƙin tabo a jikin ƙarfen da ke kusa, alamar ta nan hayaƙin ke tserewa. Ɗan guntun tiyo da bai kai tsawon tafin hannu ba shi ne ya jawo duk wannan ɗawainiya. Da kwamfutar inji ta daina yarda da abin da sensar ke gaya mata, sai ta dakatar da ƙona kunkunniyar da takan yi lokaci zuwa lokaci, kunkunniya ta yi ta taruwa, ita kuma ta rage ƙarfin inji domin ta kare matatar. Tsohuwar sensar da aka cire, ga dukkan alamu, ba ta da laifin komai.

Wannan ne babban amfanin na'urar a wurina, kuma shi ne abin da masu tallarta ba su cika bayyanawa ba. Lambar matsala ba ta cewa kaza ya lalace, a sauya shi. Abin da take cewa shi ne kwamfuta ta ga wani adadi da bai gamsar da ita ba a wani layi. P2453 na nufin abin da ke fitowa daga layin sensar matsi bai dace da abin da ake tsammani ba, kuma tsagaggen tiyo, ko bututun da kunkunniya ta toshe, ko ruwan da ya kwanta a cikinsa, ko soket mai tsatsa, duk suna iya haifar da ita. Kowace na'ura mai arha za ta karanto maka lambar. Abin da ya sa wannan ta cancanci kuɗinta shi ne tana nuna adadin yana motsi, tana zana shi a layi, har mutum ya iya tambayar kansa ko abin da yake gani ya yi kama da gaskiya.

Bayan na sauya tiyon, sai batun matatar da ta riga ta cika. Na'urar tana da umarnin tilasta wa inji ya ƙona kunkunniya a tsaye, kuma a motata ya yi aiki. Sai dai ina da ƙorafi a kan yadda aka ajiye wannan umarni a fili, da gargaɗi na layi biyu kacal, domin ba abin wasa ba ne. A lokacin ƙonawar zafin cikin matata yakan kai wajen digiri 600 a ma'aunin Selsiyus, inji yana ruri shi kaɗai na kusan rabin awa, kuma iskar da ke fita daga wutsiyar salansa za ta iya kunna busasshiyar ciyawa ko ta narkar da roba. Na fitar da motar fili, a kan siminti, nesa da bango, na tsaya a kanta har ta gama, ina kallon zafin yana hawa kuma ƙiyasin kunkunniya yana sauka. Akwai kuma haddin da idan matata ta wuce shi bai kamata a yi mata wannan ƙonawa ba, domin wutar na iya yin yawa har ta tsaga ta, sai dai a cire ta a wanke. Haka nan ya kamata a duba baƙin mai kafin a fara da bayan an gama, saboda a injinan da ke ƙara fesa dizal a cikin silinda domin ɗaga zafin hayaƙi, wani ɓangare na dizal ɗin yakan gangara ya tsinka man. Duk wannan ba na'urar ce ta gaya mini ba, kuma ina ganin ya kamata a ce ta yi.

Matsala ta biyu ta zo bayan wata biyar, da lambar P2033, wadda ke nuni ga sensar zafin hayaƙi ta biyu. A nan na'urar ta ba ni damar yin gwajin da ya fi kowane sauƙi. Idan mota ta kwana ba a tayar da ita ba, duk ƙarfen salansa yana daidai da zafin gari, saboda haka dole duk sensoshin zafi su faɗi kusan abu ɗaya. Da sassafe na kunna makulli na jera su huɗu a allo ɗaya: uku suka nuna 24, 25 da 24, ɗaya kuma ta nuna adadin da ya haura digiri 900, a jikin ƙarfen da na ɗora hannuna a kai ina jin sanyinsa. Irin wannan adadi na ƙarshen ma'auni yawanci alama ce ta layi ya yanke, ko dai a cikin sensar ko a wayarta.

A nan ne na fara cin karo da ɗaya daga cikin gazawar na'urar. Ta ce mini sensa ta biyu, amma ba ta nuna mini inda ta biyun take ba, ba ta da zanen wayoyi, ba ta da hoton salansa, kuma yadda kamfanoni ke ƙirga sensoshinsu ba iri ɗaya ba ne. Mutane da dama sun sauya lafiyayyar sensa sun bar matacciya a wurinta saboda wannan ruɗani. Dabarar da na yi ita ce na shiga ƙarƙashin motar da allon a gefena, ina zare soket ɗin sensoshin ɗaya bayan ɗaya ina kallon wane adadi ne zai canza. Wadda na zare adadinta bai motsa ba, ita ce mai laifin. Wannan yakan sa kwamfuta ta rubuta ƙarin lambobi, amma na san daga inda suka fito, kuma ana goge su daga baya. A wannan aiki ne na yaba da rashin waya tsakanin allon da soket, domin da mai igiya ce da sai na nemi wanda zai zauna a cikin mota yana karanto mini.

Duk da haka ban yarda na sayi sabuwa ba sai da na ɗauko mitar awon lantarki. Sensoshin motata irin waɗanda ake kira PT200 ne, masu nuna om 200 (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki) a digiri sifiri, kuma kusan 220 a zafin ɗaki, adadin yana ƙaruwa yayin da zafi ke ƙaruwa. Wasu motocin kuma suna amfani da wani nau'in da adadinsa ke raguwa idan ya ji zafi, don haka sai mutum ya san irin tasa kafin ya yanke hukunci. Maƙwabciyar sensar da nake zargi ta nuna abin da ake tsammani, ita kuwa wadda nake zargin mita ba ta ga komai a cikinta ba, ta yanke ɗungurungum. Wannan karon sensar ce da gaske. Cire ta shi ne ya fi binciken wahala, domin tsatsa ta haɗe ta da salansar kamar an yi musu walda. Na jiƙa ta da man sassauta tsatsa tun dare, washegari na ɗan ɗumama inji, na sa sifana mai kama noti ta kowane gefe, ina murɗawa gaba da baya a hankali har ta saki. Wanda ya yi mata ƙarfi zai iya cinye haƙoran ramin, ƙaramin aiki ya koma na mai walda.

Tun da an zo nan, ya kamata in kwatanta ta da ɗan ƙaramin kan nan mai arha da ake haɗawa da wayar hannu, wanda akasarinsu kwaikwayon guntun lantarkin ELM327 ne, domin ina da ɗaya a aljihun mota. Yana karanta lambobin gama-gari, irin masu farawa da P0 da P2, yana kuma goge su, kuma da manhaja mai kyau yakan nuna wasu daga cikin adadin zafin hayaƙi. Amma a motata bai nuna ƙiyasin kunkunniya ba, bai nuna nisan da aka yi tun ƙonawar ƙarshe ba, bai ga lambobin da kamfani ya keɓe wa kansa ba, kuma ba ya iya ba inji umarnin komai. Ga mai son ya san dalilin da fitila ta kama kafin ya isa gareji, ya wadatar. Ga mai son ya bi diddigin matsalar salansar dizal, zai kai shi bakin ƙofa ne ya tsaya.

Matsala ta uku ita ce ta nuna mini iyakar na'urar, kuma ita ce ta fi tayar mini da hankali. Lambar P20EE ce ta fito, mai cewa tsarin SCR ba ya rage NOx yadda ya kamata, sannan bayan 'yan kwanaki allon gaban direba ya fara ƙirga mini sauran nisan da zan yi kafin motar ta ɗauki mataki a kaina. Wannan ƙirge doka ce ta sa kamfanoni suka saka shi, domin kada a riƙa yawo da tsarin a mace: a motocin Amurka da yawa yakan ƙare da mayar da mota tafiyar hawainiya ta mil 5 a awa, wato kimanin kilomita 8, a na Turai kuwa yakan ƙare da inji ya ƙi tashi bayan an kashe shi. Mutum yana tuƙi yana kallon adadin yana raguwa, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa shi ya sayi duk abin da aka ce ya saya.

P20EE lamba ce mai iyaye da yawa. Ruwan yuriyar na iya zama gurɓatacce ko tsinkakke, bakin da ke fesa shi na iya toshewa, salansa na iya yoyo kusa da sensa, sensar NOx na iya tsufa ta fara ƙarya, ko kuma tukunyar SCR ɗin ce da kanta ta gaji. Na fara da mafi sauƙi. Ruwan, wanda ake sayarwa da sunan DEF ko AdBlue, ƙa'idarsa ita ce kashi 32.5 cikin 100 yuriya, saura kuma tataccen ruwa, kuma akwai wani ɗan madubin awo da ake ɗiga masa ɗigo ɗaya a duba ta cikinsa. Nawa ya fito daidai. Na kwance bakin feshin na tarar da farin gishiri ya daskare a kewayensa kamar kanwa, na wanke shi da ruwan ɗumi, sannan na yi amfani da umarnin gwajin feshi da ke cikin na'urar, na ga yana fesawa sosai a cikin kwalbar da na tara. Wannan umarni ya yi aiki ba tare da gardama ba, kuma na ji daɗinsa.

Saura sensoshin NOx, waɗanda suka bambanta da sauran. Kowace tana da 'yar kwamfutarta a jikin wayarta, tana magana da kwamfutar inji ta layin CAN, wato wayoyin da kwamfutocin mota ke musayar bayani ta cikinsu, kuma tana da abin ɗumama kanta zuwa zafi mai tsanani. Ba ta fara aiki da zarar an tayar da inji, sai an tabbatar raɓar da ke cikin salansa ta bushe, domin ɗigon ruwa a kan tangaran ɗinta mai zafi yana iya tsaga shi. Wanda bai san haka ba zai ga adadin a tsaye a mintocin farko ya ce sensa ta mutu, kuma na'urar ba ta yi wani bayani a kan wannan ba. Na ba wani tuƙin na zauna a gefe da allon a cinyata, muka hau babbar hanya har komai ya yi zafi. Gwajin da na dogara da shi shi ne na gangara: idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur mota tana cikin giya, inji yakan daina fesa dizal, iska ce kawai ke bi ta salansa, don haka dole sensoshin biyu su faɗo kusa da sifiri. Ta gaba ta faɗo. Ta baya ta tsaya a wajen 70 ta ƙi sauka, sau uku muna maimaitawa. Na kuma yi la'akari da cewa sensar NOx ba ta iya bambanta NOx da amoniya, ta yadda yuriyar da ta yi yawa za ta iya sa ta baya ta nuna adadi mai yawa, amma a doguwar gangara da aka daina feshi ya kamata a ga adadin yana ja da baya, nata kuwa ko gezau.

Har zuwa nan na'urar ta yi abin da ake bukata, kuskuren da ya biyo baya nawa ne. Na sayi sensa mai arha wadda ba ta asali ba, na ɗaura, kwana biyu sai ga U029E, wato kwamfutar inji ta daina jin muryar sensar gaba ɗaya. Na duba fiyus da wutar da ke shiga soket da wayoyin CAN, duk lafiya, sai na haƙura na sayi ta asali, lambar kuwa ba ta sake dawowa ba. Araha ba ta ado, musamman a kayan da ke ɗauke da kwamfuta a cikinsu.

Inda na'urar ta ba ni kunya shi ne mataki na ƙarshe. Bayan sauya sensar NOx, motoci da yawa suna bukatar a sanar da kwamfutar inji cewa an saka sabuwa, domin ta watsar da gyare-gyaren da ta koya a kan tsohuwar, a kuma gudanar da gwajin da zai dakatar da ƙirgen. Wannan umarni yana nan a rubuce a jerin ayyukan na'urar, yana kuma cikin abin da aka tallata a jikin kwalinta, amma duk lokacin da na latsa shi sai ta yi ɗan nazari ta ce motar ba ta amsa ba. Na sabunta manhaja, na sake gwadawa da inji a kashe da kuma a kunne, ba abin da ya canza. Na aika wa masu kula da abokan ciniki bayanin da na'urar ta tattara, amsar da ta zo bayan kwana shida ita ce in jira sabuntawa ta gaba, alhali ƙirgen bai san jira ba. Goge lamba ma bai taimaka ba, kuma wannan ba laifinta ba ne, domin motocin da aka ƙera daga wajen 2010 suna da wani rukunin lambobi na dindindin da babu na'urar da ke iya gogewa, sai kwamfutar inji ta sake gwada tsarin da kanta ta gamsu. A ƙarshe sai da na kai motar wurin masu kwamfutar kamfani, suka yi aikin cikin ƙasa da awa ɗaya. Abin da ya rage mini zafi shi ne na je musu da bincike a kammale, ba wanda ya kawo mini zancen sauya tukunyar SCR.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da suka dame ni. Idan na jera adadi fiye da takwas a allo ɗaya sai ta fara jan ƙafa, ta yadda tsalle na ɗan lokaci, irin wanda sakakkiyar waya ke haifarwa, zai iya wucewa ba a gani ba, don haka na koyi zaɓar uku ko huɗu kawai. Sunayen adadin ma a cakuɗe suke, wani a taƙaice, wani an maimaita shi sau biyu da ma'auni daban, matsi a nan da milibar a can da kilofaskal. Sabunta manhaja kyauta ne na wani wa'adi, bayansa sai an riƙa biya duk shekara, kuma ko da yake na'urar ba ta daina aiki idan ba a biya ba, gyaran irin matsalar da na ci karo da ita ta wannan hanyar kaɗai yake zuwa. Sannan ɗan kan da ake cusawa a soket yana shan wuta ko mota a kashe take, saboda ƙafa ta 16 tana haɗe da batir kai tsaye. Na taɓa mantawa da shi na kwana biyar, da ƙyar inji ya tashi.

Wasu sun ba ni shawarar in huta da wahala, in sa a cire matata da SCR gaba ɗaya a sauya manhajar inji. Wannan na'ura ba ta yin wannan aiki, kuma ban neme shi ba. Dokar tsaftar iska ta Amurka ta haramta shi, a ƙasashen Turai kuma mota ba ta tsallake binciken lafiyarta idan an cire mata matata, ban da cewa hayaƙin da aka saki mutane ne ke shaƙarsa, har da mai motar idan yana lodi a bayanta inji na silo.

Ga wanda ke da akori-kura mai DPF da SCR, wadda garantinta ya ƙare, kuma ba ya ƙyamar kwanciya a ƙarƙashin mota da mita a hannu, ina ganin wannan ajin na'ura ya cancanci saye, domin a matsala biyu cikin uku ta kai ni har ƙarshe, a ta ukun kuma ta kai ni ga sanin abin da ya lalace. Wanda kuwa nufinsa ya riƙa goge fitila yana ci gaba da tafiya, zai yi wa matatarsa illa ne kawai, gara ya bar kuɗinsa. Sharaɗin da zan gindaya shi ne kada a dogara da abin da aka rubuta a kwali: kafin a biya, a ba mai sayarwa lambar jikin motar, a nemi ya tabbatar a rubuce cewa umarnin ƙona kunkunniya, da gwajin feshin yuriya, da sake saita sensar NOx suna aiki a kan wannan injin na wannan shekarar, kuma a amince za a karɓi na'urar idan ba su yi ba. Sabuntawar da aka ce in jira ta iso bayan wata uku, kuma a bayaninta an ambaci irin injina, sai dai ban sami damar gwada ta ba tukuna, tunda sensar da ke ciki lafiyarta ƙalau. A yanzu, duk ranar da zan sauya baƙin mai, nakan jona na'urar da sassafe kafin in tayar da inji, in rubuta zafin sensoshin nan huɗu da matsin matata a silo da kuma a juyi 2,500 a wani ɗan littafi da ke aljihun ƙofa, sannan in murɗa tiyon nan biyu da hannu in duba cikinsu ta ƙasa.